Yadda Ake Tsayawa a Danja da Gaban Allon STOP: Inda Hancin Mota Ya Kamata Ya Tsaya

Na daɗe ina koya wa mutane tuƙi a Kano, kuma akwai tambayar da nake yi wa kowane ɗan koyo ranar da za mu fara hawa kwalta: idan danja ta nuna ja, a ina za ka tsaya? Kusan kowa amsarsa ɗaya ce, "a gindin danjar mana, Malam." Wannan amsa ita ce ke sa ka ga mota ta hau kan layin masu tsallakawa da ƙafa, ko ta tura hancinta cikin mahaɗa har mai tirela ya kasa karya kwana. Kowa ya san ja na nufin a tsaya. Wurin da za a tsaya ɗin ne ba a koya wa mutane, shi ne kuma zan yi bayani a nan. Da "kai" zan riƙa magana, amma 'yan'uwa mata masu koyon mota, har da ku nake.

Abubuwan da za ka tanada

Mota mai lafiyayyen birki. Kafin ka tayar da ita, taka birkin ka ji. Idan ya yi laushi kamar ka taka soso, ko ya nutse har ƙasa, kada ka fita da ita sai bakanike ya duba. Leƙa man birki ka ga ko ya kai alamarsa. Sannan ka sa wani ya tsaya a baya, ka taka birki ya gaya maka ko fitilun sun kama. Mutane na raina wannan fitila, alhali ita kaɗai ke sanar da na bayanka cewa za ka tsaya. In ba kowa kusa, matsa bayan motar jikin bango da daddare ka taka, za ka ga hasken ja a madubi.

Gilashin gaba mai tsabta, waifa mai aiki, da madubai uku a saite. Gyara kujera yadda ƙafarka za ta danne birki har ƙarshe da ɗan lanƙwasa a gwiwa. Yadda ka saita kujerar nan, haka za ka riƙa zama kullum, don ma'aunin da za mu yi nan gaba ya dogara da ita.

Takalmi mai kama ƙafa. Silifa da fade sukan zame su maƙale a ƙarƙashin birki. Mai babbar riga ya naɗe hannunta, mai hijabi ta gyara shi yadda ba zai tare mata gefen ido ba.

Fili wanda ba mutane, kamar filin ƙwallo da hantsi ko filin idi, da toka ko farar ƙasa ta ja layi. In babu, doguwar igiya ko falanki ya wadatar. Ka zo da jarka biyu marasa komai, da mutum ɗaya da zai tsaya maka a waje.

Takardar izinin koyo, alamar L gaba da baya, da littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC. Ko don hotunan alamomin da ke ciki ya cancanci ka mallake shi.

Mataki na 1: Gano inda hancin motarka ya ƙare

Wannan shi ne tushen aikin, kuma shi ne yawancin masu koyarwa ke tsallakewa. Kana zaune a kujerar direba ba ka ganin bambar gaba, ba ka kuma ganin ƙasar da ke gabanta har tsawon 'yan mitoci. Saboda haka layi yakan ɓace maka tun kafin ka iso shi. Ɗan koyo sai ya yi ɗayan biyu: ya tsaya can nesa da zarar layin ya ɓuya a bayan bonet, ko ya yi ta tafiya har tayoyinsa su haye.

Ja layi a filin, tsawonsa ya fi faɗin mota sosai ta kowane gefe. Aza jarka a kowane bakinsa. Tunkaro shi a hankali da giya ta ɗaya, abokinka na tsaye a gefe, ba a gaban motar ba. Idan bamba ta rage kamar taku ɗaya ta kai layin, ya ɗaga maka hannu ka tsaya. To yanzu kada ka motsa daga zamanka. Juya kai hagu ka duba ta taga: a ina layin ya bayyana? A yawancin ƙananan motoci za ka gan shi ya fito daidai ƙarƙashin madubin gefe. A wata motar zai ɗan fi haka gaba ko baya, gwargwadon tsawon bonet da tsayin direba. Duk inda ka gan shi, wannan ne ma'auninka, riƙe shi.

Koma baya ka sake, wannan karon ba mai ɗaga maka hannu. Tsaya da ma'auninka, ka fito ka gani da idonka. Maimaita har sai ka yi sau goma a jere ba ka taka layi ba, ba ka kuma bar gibin da ya wuce taku biyu ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai sai an horar da shi. Ranar da ka sauya mota, musamman daga ƙarama zuwa jif ko bas, sake wannan gwaji. Bas mai gajeren hanci da mota mai dogon bonet ba su da ma'auni ɗaya.

Mataki na 2: San abin da hanya ke gaya maka

Allon tsayawa ja ne mai kusurwa takwas, an rubuta STOP a tsakiya. Shi kaɗai ne allon hanya mai wannan siffa, kuma da gangan aka yi haka, don ko rana ta cinye fentin, ko an manna masa fostar 'yan siyasa, ko ta baya ka hango shi, siffar za ta gaya maka ko mene ne. Haka yake a Nijeriya, haka yake a Nijar duk da Faransanci ake yi can. Umarninsa shi ne a tsaya cak, ko hanya ba kowa.

Allon ba da hanya kusurwa uku gare shi, tsininsa na kallon ƙasa. Shi bai tilasta maka tsayawa ba idan hanya fayau take, amma duk wanda ke kan babban titin ya riga ka. Shi ne aka fi gani a bakin shataletale.

A ƙasa kuma akwai farin layi mai kauri da ya ratsa hannunka daga tsakiyar titi zuwa gefe. Idan bai yanke ba, layin tsayawa ne. Idan a gutsuttsure yake, na ba da hanya ne. Gaba da shi kaɗan sau da yawa za ka ga zane fari da baƙi kamar jikin jakin dawa, wurin tsallakawar masu ƙafa ke nan. Tsakanin layin tsayawa da wannan zane ba wurin mota ba ne.

Mataki na 3: Fara tsayawa tun daga nesa

Tsayawa mai kyau daga ido take farawa. Kada ka kafa ido a bambar motar da ke gabanka, riƙa jefa shi can gaba kana neman danja, allo, ko tarin jajayen fitilun birki. Da ka hango, leƙa madubin tsakiya ka ga wa ke bayanka da kuma kusancinsa, sannan ka ɗage ƙafa daga totur ka ɗora ta kan birki.

Ga ɗan lissafin da ya kamata ka riƙe. Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ne a awa. A wannan gudun mota na cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya gani, ƙafarka ta tashi ta kai birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, mita 14 ke nan ba ka ma fara rage gudu ba. Birkin kansa a busasshiyar kwalta zai ci wasu mita 13 ko 14. Jimla ka doshi tsawon ƙananan motoci shida a jere. Idan kuma ka ninka gudu, nisan da birki ke ci ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka su lura, manyan lambobin agogon gudunsu mil ne, kuma mil 30 ya kusa kilomita 50. Na sha zama kusa da wanda allurarsa ke kan 50 yana ganin yana bin doka, alhali kilomita 80 yake yi.

Yadda ake taka birkin: fara da taushi don fitilarka ta kama na baya ya farga, ƙara nauyi a tsakiya inda ake kashe gudun, sannan ka ɗan sassauta a taku na ƙarshe don kada motar ta yi tsalle fasinja ya dungura. Mai giyar hannu ya taka kuloci gab da tsayawa, kafin inji ya fara kakkarwa. Kuskuren da na fi gani shi ne taka kuloci tun daga nesa, ko zare giya a bar mota tana gangarawa wai ana tattalin mai. Yin haka na ƙwace maka taimakon da inji ke yi wajen rage gudu, ya bar wa birki aikin shi kaɗai.

Zaɓi hannunka da wuri. Mai shiga dama ya koma dama, mai shiga hagu ya koma hagu, ya kunna sigina tun kafin ya fara birki. Bakin danja ba wurin sauya hannu ba ne.

Mataki na 4: Wurin tsayawa

Nan ne zuciyar maganar. Abu uku za ka nema, ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ka fara tararwa a cikinsu shi ne iyakarka.

Na farko, layin tsayawa. Idan yana nan, bambar gaba ta tsaya kafin shi da kamar taku ɗaya. Bamba nake cewa, ba taya ba. Wanda ya aza tayoyinsa a kan layi ya riga ya tura kusan mita guda na motarsa gaba.

Na biyu, idan layin ya goge, kamar yadda yake a titunanmu da yawa, nemi zanen masu tsallakawa ka tsaya kafin shi, ka bar gibin mita ɗaya ko biyu. Ko ba zane, duba inda mutane suka saba tsallakawa, wato inda dakalin gefen titi na wannan ɓangare ke fuskantar na wancan. Bar musu wannan wuri.

Na uku, idan ba layi ba zane, tsaya kafin bakin titin da ya gitta, yadda ba wani sashe na motarka da zai shiga hanyar masu wucewa. A danja kuma ƙara da wannan: tsaya inda kana zaune daidai kake ganin fitilar ta gilashin gaba. Idan sai ka sunkuya ko ka leƙa ta taga kafin ka gan ta, ka wuce wuri. Shi ya sa za ka ga na gaba ya zauna kore ta kama bai sani ba, sai an dame shi da oda.

Sandar danja ko ta allo ba ita ce ma'auni ba. Wani wuri an kafa ta kafin mahaɗa, wani wuri a tsallake, wani wuri an rataye fitilar a sama tsakiyar titi. Wanda ya ce zai tsaya a gindin danja, ranar da ya haɗu da wadda aka kafa a tsallake, tsakiyar mahaɗa zai tsaya.

Ɗalibai kan tambaye ni me ya sa a wasu wurare ake ja layin can baya, nesa da kwana. Saboda manyan motoci ne. Tirela ko tankar mai idan za ta karya kwana, kanta na buɗewa waje, tayoyin bayanta kuma na yanko ciki. Wannan fili da kake gani kamar an bar shi a banza, nata ne. Na taɓa ganin wata ƙaramar mota da direbanta ya wuce layi da tsawon mota guda don ya riga 'yan adaidaita sahu tashi. Tirela ta shigo kwana, bayanta ya kwashe masa fitila da bamba, yana zaune yana kallo, ba halin ja da baya don an riga an cike bayansa. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma da yaro na tsaye a wurin yana talla, da labarin ya sha bamban.

Idan tsautsayi ya sa ka wuce layin, kada ka yi saurin sa ribas. Duba madubi tukuna. In bayanka ba kowa, koma a hankali. In akwai mota ko mutane na ratsawa ta bayanka, zauna inda kake.

Mataki na 5: A gaban allon STOP, tsayawa biyu ake yi

Sau da yawa idan ka tsaya a inda doka ta ce, ba za ka ga komai ba. Katanga ta tare, ko rumfar mai shayi, ko motar da aka ajiye a bakin kwana. Wannan ne ke sa direbobi su wuce layin kai tsaye su je inda suke gani. Gyaran shi ne a raba aikin biyu.

Tsayawar farko a layi take, ko a wurin da muka bayyana in ba layi. Tayoyi su daina juyawa gaba ɗaya, har ka ji motar ta ɗan koma baya ta zauna. Ina sa ɗalibaina su ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci. Wannan tsayawa ta masu ƙafa ce da masu keke da mai tura ruwa, waɗanda ke fitowa daga bayan katanga ba zato.

Bayan ka tabbatar ba mai ratsawa, sai ka silalo gaba kaɗan kaɗan, ƙafa na kan birki, har idonka ya buɗe kan titin ta ɓangarorin biyu. Nan ka sake tsayawa in akwai mai zuwa. Duba hagu, duba dama, sake duba hagu. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka motar da za ta fara iso ka daga hagu take zuwa. Amma kada hakan ya sa ka raina dama, domin mai babur da ya biyo hannun da ba nasa ba daga can zai ɓullo, kuma ba ƙaramin yawa gare su ba.

Idan an yi maka fitila ko an ɗaga maka hannu wai ka wuce, gode masa, amma duba da kanka. Shi hannunsa kawai ya ba ka, bai san abin da ke tahowa ta gefensa ba. Haka nan kada ka yarda da siginar mai zuwa har sai ka ga ya rage gudu ya fara karya kan mota. Wasu tun safe siginarsu ke kunne.

Inda ba allo ba danja, wanda ke fitowa daga ƙaramin layi shi ke jiran na babban titi. Mai shiga Nijar da mota, ko Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, ya san cewa a mahaɗar da ba alama dokar can ta ba wanda ya fito ta damanka fifiko.

Mataki na 6: Karanta danja

Ja: tsaya a bayan layi har ta sauya. Ko dama za ka shiga, jira, sai fa in akwai koren kibiya da ke nuna dama ko an ware wa masu shiga dama 'yar hanyarsu daban. Wanda ya yi tuƙi a Amurka ya saba da shiga dama a kan ja, kada ya ɗauka ko'ina haka ne.

Ruwan ɗorawa: ma'anarta tsaya, sai dai idan ka riga ka matso sosai yadda birki zai jefa ka tsakiyar mahaɗa ko ya sa na baya ya dake ka. Daƙiƙu kaɗan take yi, galibi uku zuwa biyar. Dabarar ita ce ka yanke shawara tun kafin ta kama. Kana tunkarar kore, ka zaɓi wata alama a gefen titi, sandar lantarki ko allo, mai nisan kamar motoci shida daga layi idan kana gudun cikin gari. In ta sauya kafin ka kai alamar, tsaya. In ka riga ka wuce ta, ci gaba da gudun da kake, kada ka ƙara wuta. Koren da ka hango tun daga nesa, ka ɗauka ta kusa ƙarewa.

Danjoji da yawa a Kano da Abuja na da agogo mai ƙirga daƙiƙu. Amfaninsa ka san lokacin ɗage ƙafa. Abin takaici, wasu sun mayar da shi gasar tsere, da sun ga saura 3 sai su take totur. A ɗaya ɓangaren kuma wani na ganin jarsa saura 3 ya riga ya fara tafiya. Waɗannan biyun ne ke haɗuwa a tsakiya, kuma bugun gefe ne, inda ƙofa kaɗai ke tsakanin mutum da ƙarfe.

Kore: izini ne na tafiya idan hanya ta buɗe. In ka ga cunkoso a tsallaken mahaɗar, babu gurbin da motarka za ta shiga gaba ɗayanta, zauna a bayan layi ko da kore ce. Za a yi maka oda, wani ma ya zage ka. Yi haƙuri. Wanda ya shiga ya maƙale a tsakiya, da danja ta juya shi ne zai toshe hanya huɗu.

Mataki na 7: Idan akwai mota a gabanka

Tsaya inda kake ganin tayoyinta na baya suna taɓa kwalta, da ɗan kwalta a bayansu. Wannan gibi zai ba ka damar fita ba tare da ribas ba in ta mutu, kuma in an dake ka ta baya ba za ka je ka daki ta gaba ba. Bayan babbar mota ninka gibin, musamman a hawa, don takan gangaro baya kafin ta ɗauka. Ka tabbata kana ganin madubin direbanta, in ba ka gani shi ma ba ya ganinka. Kada kuma ka cusa kanka tsakanin tirela da gefen titi ta damanta.

Babur ko adaidaita zai shigo gibin da ka bari. Ƙyale shi. Kada ka matse don ka hana shi.

A allon STOP tsayawar na gabanka ba ta ɗauke maka taka ba. Ya tafi, kai ma ka matso layi ka yi taka tsayawar. Kuma ka tabbatar ya tafi ɗin da gaske kafin ka saki birki. Karo da yawa a bakin kwana haka yake faruwa: na gaba ya motsa ya fasa, na baya yana kallon hagu ya afka masa.

Mataki na 8: Zaman jira da tashi

Mai giyar hannu, in jiran zai ɗan daɗe, ja birkin hannu ka mayar da giya fili ka saki kuloci. Riƙe mota da rabin kuloci a hawa na cinye farantin kuloci. Mai otomatik ya bar ƙafa a kan birki. In kana jiran shiga hagu, bar sitiyari a miƙe har lokacin tafiya, don in an tura ka ta baya kada motar ta faɗa gaban masu tahowa. Waya ta zauna a aljihu.

Danja wurin taruwar 'yan talla ne da almajirai da mabarata, wasu a kan keken guragu da ba ya kaiwa tsayin bonet. Mai niyyar sadaka ko sayayya ya gama tun ja na da saura, ko ya wuce mahaɗar ya faka. Kiran yaro ya ratso motoci ana gab da sakin hannu jefa shi cikin haɗari ne.

Kore ta kama, duba gaban motarka da gefunanta, duba hagu da dama, sannan ka tashi. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ke nan, kuma a cikinsu ne mai karya danja ke wucewa.

Idan wani abu ya ɓaci

Danja ta mutu: ɗauke ta tamkar allon STOP. Tsaya a layi, silalo, ba wanda ya riga ka isowa hanya, ku haɗa ido da sauran direbobi kafin ka shiga. In ruwan ɗorawa ce ke ƙyaftawa ita kaɗai, rage gudu ka wuce da lura. In ja ce ke ƙyaftawa, tsaya cak tukuna.

Akwai jami'i a tsakiya, ɗan sanda ne ko na KAROTA a Kano ko na KASTLEA a Kaduna: hannunsa ya rinjayi fitila. Ya tsayar da kai a kan kore, tsaya, kuma a bayan layi, ba a gabansa ba.

Damina: ruwan farko ya fi kowanne santsi, don yana taso da man da ya zuba a kwalta, kuma bakin danja ne inda man ya fi taruwa saboda nan motoci ke tsayawa. Ninka nisan birkinka. Lokacin hazo kunna ƙananan fitilu, ka fara taɓa birki da wuri don na baya ya gan ka. Yashin da iska ke tarawa a bakin titi shi ma yana ja da taya kamar ruwa.

Dare ya yi, titi ba kowa, kana tsoron tsayawa: kulle ƙofofi, ɗaga gilashi, ka rage gudu tun daga nesa yadda kafin ka iso ta koma kore. In dole ka tsaya, bar gibin fita a gabanka kana kallon madubai.

Motar asibiti ko ta kashe gobara na jiniya a bayanka kana kan ja: matsa gefe iya yadda za ka iya ba tare da ka faɗa mahaɗar ba. Gibin da ka bari a gabanka a nan yake amfani.

Birki ya ƙi kamawa kana tunkarar ja: tattaka shi da sauri sau da yawa, sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ja birkin hannu a hankali kana danne da maɓallinsa, kunna fitilun gaggawa, ka danna oda ba ƙaƙƙautawa. Kada ka kashe inji mota na tafiya, sitiyari zai yi nauyi. In an yi haɗari, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Mararrabar layin dogo kuwa ko ba shinge ko ba mai tuta, tsaya nesa da ƙarfen da aƙalla tsawon mota guda, don jirgi ya fi layinsa faɗi. Sauke gilashi, kashe rediyo, saurara, duba ɓangarorin biyu. Kada ka hau layin sai ka ga gurbin da zai ɗauke motarka duka a tsallake, kuma kada ka sauya giya kana kai.